Ranar da Na Ce Na Ƙoshi a Kan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da wata tukunyar taliya ba, ko da zan manta sunan titin da na zauna a Greensboro. Farkon shekarun tamanin ne, ban daɗe da sauka Amurka ba, ga sumar afro, ga wando mai faɗin ƙafa, ina ji da kaina kamar ni na gina jami'ar. Sai Isufu, abokin ɗakina mutumin Maraɗi, ya ce wasu ɗalibai za su tafi duwatsun yamma, a yi ta tafiya da jaka a baya, a kwana a daji, washegari a ƙarasa.

"Mon ami, za ka iya kuwa?" in ji shi, wato abokina da Faransanci.

"Ni? Ni da nake zuwa kasuwar ƙauye a ƙafa?" (Sau ɗaya na taɓa zuwa, shi ma a bayan keken kawuna na dawo.)

Dokar tafiyar ita ce kowa ya ɗauki abincinsa. Ni guzurina dambun nama ne cike da gwangwanin madara, wata Hajiya da ke Pleasant Garden, wani ɗan gari kusa da mu, ta yi mini. Shi ne na rana, shi ne na dare, shi ne na gobe.

Da hantsi muka zauna shan iska, na buɗe gwangwanin na ce da jama'a su zo mu ci. Ka san yadda muke yi a gida: ka ce bismilla, a ce maka alhamdulillahi, kowa ya kama gabansa. Wallahi sai na ga Turawa sun taso gaba ɗaya! Wani ƙato mai gemu, Rick, yana dumbuza yana cewa, "Kai, wannan kamar auduga amma nama!" Ƙarshe har kifa gwangwanin ya yi yana buga gindinsa. Ni kuwa sai murmushi, ina cewa ba komai.

Daga nan hanya ta miƙe sama. Jaka ta koma kamar buhun masara, igiyarta na cin kafaɗa, cikina na ƙugi har na riƙa tari don in rufe ƙarar. Sai la'asar muka isa masauki, wata rumfar katako mai bango uku, rafi na gudu a ƙasanta. Madam Carol, malamar da ke jagorantarmu, ta kunna ɗan rishonta ta dafa taliya da cuku, tukunya guda, ta ce ta kowa ce. Ƙamshi jama'a! Ta zo kaina da ludayi.

"Za ka ci?"

"Na gode, na ƙoshi."

Na gyara zama ina jiran tayi na biyu. Sai ta ce, "To, shi ke nan," ta juya wurin Isufu. Shi kuwa tun kafin ta rufe baki kwanonsa na gaba.

"Kai Isufu, ba ka da kunya?" na ce da shi da Hausa.

"Na baro ta a filin jirgin Yamai. Nan sau ɗaya ake tayi, ɗan'uwa."

"Za ta sake."

"To jira."

Ba ta sake ba. Rick ne ya yi ƙari. Na tuna gobe akwai sauran rabin hanya, gabana ya faɗi.

Sai dabara ta zo mini. Na yi wuf na ce ni zan wanke tukunya. Aka yi ta yaba mini (yaron kirki, bai ci ba amma zai yi wanke-wanke). Na gangara rafi, na laɓe bayan wani dutse. Allah sarki, ƙanzo! Na fara da yatsa ɗaya cikin mutunci. Na koma biyar. Da na ga abin ba ya sauri sai na cusa kaina ciki gaba ɗaya.

Gyaran murya na ji. Na ɗago, ga Madam Carol riƙe da gorar ruwa, ga jama'a a bayanta sun yi layi za su ɗebi ruwa. Cuku a hancina, cuku a afro ɗina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Haka muke wanke tukunya a ƙasarmu."

"Ƙasarku dai!" in ji Isufu. "Ban da Nijar!"

Sai da ya gama birgima don dariya sannan ya yi musu bayani. Madam Carol ta dafe ƙirji, ashe ita ta ɗauka addini ne ya hana ni, shi ya sa ba ta matsa ba. Rick kuwa fuskarsa ta yi ja jawur da ya gane abincina na kwana biyu ya tashi da shi. Ya zazzage mini jakarsa: biredi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta shafawa, busassun inabi. Na ci har sai da na jingina da bango.

Washegari na ƙarasa tafiyar da ƙafafuna, har da waƙa. Duk inda aka tsaya sai su haɗa baki: "Za ka ci? Za ka ci? Za ka ci?" Da su na yi sauran tafiye-tafiyena har na gama karatu.

Kunya dai abu ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Amma in za ka hau dutse da Bature, bar ta a mota, ka ɗauki kwano.