Ranar da Injiniya Tanimu Ya Tashi Famfon Unguwa

Duk wanda ya san unguwarmu ya san Injiniya Tanimu. Taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka kada wani ya ce ƙazafi nake masa. Shekara da shekaru ya yi a ofishin ruwa yana buɗe ƙofa yana ɗaga wa motocin manya hannu. Da ya yi ritaya sai ya dawo mana da wata tsohuwar sifana da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa. In ya zauna a majalisa, to babu bututun da aka binne a garin nan ba da saninsa ba.

Jikin katangar gidana akwai famfon gwamnati irin na da, mai dakalin siminti. Mu da muka taso lokacinsa mun san darajarsa. Ka taso daga ƙwallo maƙogwaro ya bushe ƙamas, ka murɗa, ka tara hannu, ka kafa kai, ka sha sai cikinka ya fara ƙara. Ba mai ce maka kawo sisi. Matafiyi ya sha, mai jaki ya sha, jakin ma ya samu. Wanda ba shi da bokiti ya ajiye dutse a layi, kuma dutsen nan a girmama shi kamar mutum. Sannu a hankali ruwa ya koma zuwa jefi-jefi. Daga nan sai huci kawai, fuuu, kamar tsohuwar kububuwa. Daga baya aka zo gina kwata aka datse bututun, guntun ya leƙo cikin gidana ta gindin katanga. Muka koma hannun 'yan garuwa da ruwan leda, awaki suka gaje dakalin.

Bana jama'a suka haɗa ƙarfi aka haƙa burtsatse, Mai Unguwa Barau ya ce zai damƙa makullin a hannun mutum ɗaya. Kun san mai makullin ruwa, har wanda ya girme shi rusuna masa yake. Ni ban nema ba. Na dai ga cewa in ana maganar kwarjini da iya kafa hula, ba sai an yi dogon bincike ba.

Sai Tanimu ya miƙe a majalisa ya ce ai da an tambaye shi da ba a wahala ba. Tsohon famfon nan bai mutu ba, barci yake. Shi ya san inda ake bugawa a ji har madatsar ruwa. Mai unguwa ya ce to madalla, ranar sunan jikarsa jama'a za su taru, in Tanimu ya kawo ruwa ko cikin moɗa ne, makulli nasa ne.

Ana gobe suna sai ga shi gidana da baƙin tiyo a naɗe cikin babbar riga. Wai mu cusa baki ɗaya a guntun bututun, ɗaya bakin in jefa a duron ruwan gidana da ke kan dakalin tsakar gida, in zuƙo, in toshe da yatsa. In na ji ya buga sifana, in saki.

Na ce, "Taubashi, ni kuma me zan samu?"

Ya ce, "Kai ne mataimakina. In na yi tafiya kai za ka riƙe makulli."

Mataimaki. Ni. Mutumin da na koya wa ɗaura ɗankwali... a'a, ɗaura rawani ranar aurensa. Na haɗiye, na ce Allah ya kai mu.

Washegari da hantsi, bayan an raɗa suna an raba goro, jama'a suka dungumo bakin famfo. Ina jiyo shi ta bayan katanga yana korar awaki, yana ce wa mutane su ja baya kada ƙarfin ruwa ya kayar da wani. A nan ne masu baƙin baki suke cewa da gangan na yi. Duro biyu ne a kan dakalin tsakar gidan, duka shuɗaye, duka a rufe. Wai ai da na zuƙi tiyon dole na ɗanɗana. To mura nake yi. A tambayi kowa.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan! Na saki yatsa, na gyara hula, na fito ta zaure kamar yanzu na tashi daga barci.

Famfo ya yi tari, ya yi gurnani, sai shaaa! Wuri ya kaure da kabbara. Wata tsohuwa har da hawaye. Sai dai ruwan ja ne wur.

Tanimu ya ɗan yi turus, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ɗaga sifana ya ce wannan tsatsa ce, duk wanda ya san famfo irin na da ya san haka yake farawa, a bar shi ya zuba sai ya washe. Dattawa suka gyaɗa kai, don gaskiya haka yake yi a da. Aka tsaya ana kallo, jan ruwa na kwarara cikin kwata, Injiniya na zagaye famfo hannu a baya yana bayanin yadda ya taɓa koya wa wani Bature aiki.

Ruwa bai washe ba. Ƙudan zuma suka fara sauka. Wani bunsuru ya dawo ya kafa kai, aka kore shi, ya sake dawowa. Wani dattijo ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin tsatsa mai ƙamshi haka ba. Tanimu ya ce ai sabon magani ne ake zubawa a madatsa, su ma'aikata ne kawai suka sani.

Mai unguwa ya naɗe hannun riga, ya tara hannu, ya kurɓa. Ya tanɗe baki. Ya sake kurɓa.

"Injiniya, tsatsar nan da sanyinta."

"Ranka ya daɗe, daga ƙarƙashin ƙasa take."

"Da citta."

"Ranka ya daɗe..."

"Har da kanumfari."

Kafin ya nemo amsa sai ga maiɗakina Tabawa ta fito, mayafi a karkace, tana jan baƙin tiyo, tiyon kuma na jan famfo. Ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta ce zoɓon da iyalinsa suka sa ta haɗa na yinin suna, duro guda har da ƙanƙara, ga shi can a kwata, saura ɗan na gindi. Mata kuma sun fara isowa.

Tanimu ya waiwayo yana nemana da ido. Ni kuwa a lokacin tari ya sarƙe ni, na ce muku mura nake yi.

Mai unguwa ya zaro makullin daga aljihu, ya dube shi, ya mayar. Ya lashe yatsunsa, ya dafa kafaɗar taubashina a gaban kowa ya ce:

"Injiniya, tunda madatsar tana jin maganarka, ƙara bugawa ko za ta aiko mana da cincin."