Ƙofar Baban Maijidda

Jama'a, kwana da kwanaki ke nan tuwo ba ya wuce min maƙogwaro, kuma ba kowa ya jawo ba sai maigidana, Baban Maijidda.

Bara ne gwamnati ta ce ta daina yi wa makarantu sayayya daga Dutse, za ta riƙa turo kuɗin duk shekara, kowane gari iyayen yara su zauna su ga abin da ya fi damun su. A ƙauyenmu na gefen Kiyawa aka ba shi shugaban kwamiti, ni kuma mata suka tura ni wakiliyarsu. Ranar ko sallama bai yi ba ya shigo.

"Ke, buɗe kunne! Ni na yi masinja a Dutse, na ga makarantun unguwar Takur da idona. Sai na mayar da firamaren nan abin zuwa kallo!"

Ajin 'yarmu Maijidda kuwa iska ta kwashe masa kwano, ga shi saura shekara guda ta yi jarrabawar shiga sakandare. Kowa ya ce rufi. Shi ya ce a'a.

"Rufi aikin ƙauyawa ne. Makaranta da ƙofa ake gane ta."

Hedimasta ya ce, "Malam, ai ba mu da katanga."

"To, ta ina ake fara katanga in ba ta ƙofa ba?"

Haka aka zuba komai a ƙofar ƙarfe, jibgegiya, koriya shar, tsaye ita kaɗai tsakiyar fili kamar baƙon da ya ɓata hanya. Yara suka riƙa wucewa ta dama da hagu. Ya tsaya da bulala yana koro su: "Ku koma ku shigo ta hanya, 'ya'yan awaki!"

Ashe a bakin burtali ya kafa ta, inda shanu ke bi. Ardo Jaji ya zo har gida godiya. "Allah ya saka, Sarkin Ƙofa. Shanuna sun samu wurin susa." Sunan ya bi shi har masallaci.

Da damina ta sauka, Maijidda ta riƙa dawowa jiƙe sharkaf, tana tari kamar tsohuwar tunkiya. Ana cikin haka sufeto ya zo daga Dutse. Mutuminku ya sha babbar riga, ya tafi buɗe ƙofa. Shanu sun karkata ta, laka ta riƙe ƙasanta. Ya tura, ya yi nishi, ya sa kafaɗa. Direba ya gaji, ya kewaye shi ya wuce abinsa.

Sufeto ya leƙo ta taga. "Shugaba, ina katangar?"

"Ranka ya daɗe, tana cikin zukatan yara."

Ya juyo zai bi mota, ƙarfe ya kama riga, ta tsage har ƙugu. Yara suka yi ta tafi, sun ɗauka cikin tarbar baƙi ne.

To, kason bana ya iso, jibi za a ɗaga hannu a gaban jama'a: a bar shi ko a sauke shi. Mazan kwamiti sun rabu biyu daidai, saura hannuna. Jiya na lallaɓa shi na ce, "Malam, bana dai rufi ko?"

Ya harare ni. "Kin ji matsalar ƙarancin boko. Ƙofa ta biyu za mu yi ta baya. Wace irin makaranta ce ake shiga ba a fita?"

In na ɗaga masa hannu, 'yata za ta rubuta jarrabawa cikin ruwa. In na ƙi, a gidansa zan kwana. Don Allah, ku da kuka yi karatu mai zurfi, ya zan yi da hannun nan nawa?