Ranar da Na Gyara Kwamfutar Yaya Habu

Da kwamfutar Yaya Habu, wan matata, ta ƙi tashi, ni na hana shi kai ta Kano. Ai na yi kwas a nan Dutse, har da satifiket.

Na ce, "Fayilolin da ke tada ta ne suka lalace, Yaya. Yanzun nan zan gama."

Na zura faifan sabunta manhajarta, duk abin da ta tambaya na amsa mata ban karanta ba. Ta tashi kuwa, fes, ba komai cikinta. Tarihin kakanninsu makiyaya da ya yi shekaru yana bugawa ya tafi, tsofaffin da suka ba shi labarin kuma sun rasu.

Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Sannu da aiki, Injiniya."

Har yau in na shiga gidansu sai wani ya ce, "A ɗauke rediyo, ga Injiniya nan."