Ranar da Na Yi wa Faifan Goggo Turanci

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ina aji uku a sakandare a Karaye, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Malam Sani, malaminmu na zane, ya cika mana allo da kalmomin Turanci na yabon zane: contrast, texture, harmony, da 'yan uwansu. Ya ce ranar rabon kyaututtuka baƙo zai zo daga Kano, kuma wanda ya fi iya bayani shi za a kai gasa birni. Ni kuwa ban taɓa taka Kano ba (iyakar tafiyata kasuwar Rogo). Na haddace kalmomin nan kamar karatun allo, har shanunmu na ƙauyenmu Kurugu sun gaji da jin su.

Aka ce kowa ya kawo wani aikin hannu da zai yi bayani a kai. Da yake ko layi ban iya ja daidai ba, sai na faki idon Goggo, yayar babana, na ɗauke faifan da take rufe ƙwaryar nono.

Ranar na tsaya gaban baƙo da shugaban makaranta da iyaye, na saki baki. Na ce yadda ja ya koma baƙi a gefen faifan contrast ne, yana nuna baƙin cikin da ke zuciyar mai saƙar. Farin da ke tsakiya kuma texture ne, da gangan aka sa shi. Baƙo na ta gyaɗa kai, ni kuma kaina na ta kumbura.

Sai murya ta taso daga cikin mata: "Malam, me yaron nan yake faɗa a kan faifaina?"

Ashe Goggo ta kawo tallan nono bakin makaranta, ta leƙo kallo. Malam Sani, bawan Allah, ya fassara mata tsaf.

"Wane irin baƙin ciki? Jan rini ne ya ƙare mini, na ƙarasa da baƙi. Farin nan kuwa nono ne ya bushe. Kwana shida ina neman abina, ɗan nan."

Wurin ya ɓarke da dariya, har baƙon sai da ya cire tabarau ya share ido. Na ji kamar in nutse cikin ƙasa. Wani aka kai Kano, ni kuma na bi Goggo gida ɗauke da faifai.

Ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma ina kewarta ƙwarai. Tun daga ranar dai, kafin in yi wa abu Turanci, sai na fara dubawa ko mai shi na kusa.