Kifin Dutsen da Na Saya da Agogona

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na tara wa kaina jama'a a bakin kwastan na Jibiya ba. Ni na aika aka kira su, don su zo su ga nasarata. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban gama yanke wanda ya fi cancantar haushin nawa ba, su ko ni.

Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ina sabon malami a elementare, na fito daga makarantar horon malamai da farin wando, da agogon hannu, da girman kan da ya fi ƙarfin hulata. A can wani malaminmu ya taɓa ba ni littafi mai hoton kifi kwance a cikin dutse, ƙayoyinsa duk a jere. Ya ce a wani zamani mai nisa teku ce ta rufe yankin Sakkwato har arewa cikin ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, kuma kifayenta suna nan sun zama dutse. Na ɗauko maganar da zafinta na juye wa 'yan aji huɗu. Kafin la'asar ta gama gari. Iyaye suka yi ta zuwa wurin hedimasta suna cewa an kawo wa 'ya'yansu mai tatsuniya da rana, ƙasar da gulbi ke ƙafewa tun kafin a gama sussukar gero wai ita ce teku.

Hedimastanmu dattijo ne wanda ba ya ɗaga murya, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya kira ni ya ce ga hutu nan tafe. In na dawo da kifin a hannu, aji huɗu nawa ne. In ban dawo da shi ba, zai ba wani ajin, ni kuma in koma aji ɗaya in koyar da a, ba, ca, da, inda ba teku ba tafki. Na ce na yarda, har da buga tebur (teburinsa fa, ba nawa ba).

Kawuna Nomau falke ne, yana zuwa wajen Madawa da jakuna ya ɗauko albasa. Da na kwatanta masa abin, sai ya ce ai ya san wani ƙauye a gindin tudu inda ruwan sama ke tono irin waɗannan duwatsu. Na bi shi. Kuma wallahi abin yana nan. A cikin kwazazzabai na riƙa tsintar haƙora baƙaƙe masu sheƙi, masu kusurwa uku, da ƙasusuwan baya zagayayyu kamar anini mai kauri, duk sun zama dutse. Matan ƙauyen ma sun san su, suna rataya wa jarirai haƙoran lokacin haƙori. Kwana shida ina sunkuye a rana har na cika rabin jaka.

To, a nan shaiɗan ya shigo. Na duba abin da na tara na raina shi. Na ce wane ne zai yi shiru don an nuna masa ɗan haƙori kamar ƙayar aduwa? Ni kifi sukutum nake so, irin na littafi. Na fito dandali na buɗe hoton ina nuna wa kowa, ina cewa duk wanda ya samo mini irinsa zai ji daɗi. Wani magini ya karɓi littafin ya daɗe yana kallo, yana juya shi. Ya ce ya san inda ake samu, amma tudun na aljanu ne, ba a kai baƙo. Bayan kwana uku ya dawo da wani faffaɗan abu a naɗe cikin tsumma. Ya buɗe. Kifi ne, kai da ƙaya da wutsiya, kwance cikin jan dutse, har ya fi na littafin kyau. Ya ce aljanu ba sa karɓar kuɗi, amma agogona zai yi. Na kwance na miƙa masa ina godiya.

Kawu Nomau ya ɗauka ya auna a hannu, ya kara a kumatunsa, ya ce, "Ɗana, dutsen ga bai da sanyin dutse." Na ce masa wannan sha'anin ilimi ne, ba na albasa ba. (Allah ya jiƙan Kawu, sai ya ci gaba da ɗaure wa jakinsa kaya.) Da muka iso Maraɗi na ba wani direban babbar mota saƙo ga hedimasta, cewa ranar Lahadi ya zo bakin iyaka da duk iyayen da suka ƙaryata ni.

Lahadi ranar kasuwar Jibiya ce, don haka ba su kaɗai suka zo ba. 'Yan duwan, wato kwastan ɓangaren Faransa, ko kallon kayana ba su yi ba. Namu ne ya tsaya. Wani tsohon soja ne da kowa ke kira Saje, mutumin da ya sha kama turare a cikin tulu da sigari a cikin gammo, har ya daina yarda da komai. Ya ƙwanƙwasa kifina da sandarsa, ya kasa kunne, ya ce zai fasa ya ga abin da na ɓoye a ciki.

Na yi tsalle na dire. Na ce masa abin da ya shekara miliyoyi yana jiran mai ilimi ba zai ƙare a hannun wanda bai san darajarsa ba. Na ce zan rubuta takarda har Katsina. Saje bai ji haushi ba. Ya ce to ba zai fasa ba, amma shi a saninsa dutse ba ya tsoron ruwa, balle kifi. Akwai wata kwatarniya da ake shayar da jakuna a gefen rumfar. Ni da hannuna na ɗauki kifin na saka a ciki, na juya masa baya don a ga ban damu ba, na fuskanci jama'a na fara wa'azi.

Na yi bayanin teku. Na yi bayanin yadda laka ke danne kifi har ya taurare. Na soki masu gardama ba tare da sani ba, ina kallon hedimasta da gefen ido. Na lura duk jama'a sun yi tsit sun zuba ido wajena, har wasu na ɗaga wuya, na ce a raina yau ilimi ya yi halinsa. Ashe bayana suke kallo. Abin da ya fara katse ni wari ne, sai kuma ƙudaje.

Na waiwaya. Ruwan kwatarniya ya koma jan kunu. Dutsen nawa ya narke, don ashe yumɓu ne aka kwaɓa da makuba aka shanya, irin yadda magina ke yi wa daɓe. Kan kifin yana yawo a sama. Wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, da ta sauke kwandonta tana jiran a duba, ta sa yatsu biyu ta ɗago ƙayar ta sansana.

"Karfasa ce," in ji ta. "Ko wata biyu ba ta yi ba. Kuma wanda ya ci kihin ga bai iya ci ba, ga tsoka nan ya bari ga kai."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Saje ya tambaye ni, cikin ladabi, ko har yanzu zan rubuta takardar. Ni kuwa maimakon in yi shiru in tsira da sauran mutuncina, sai na zazzage jakata a ƙasa ina cewa ga na gaskiya nan, waɗannan ni na tsinto su da hannuna, a jefa su a ruwa a gani. Ba wanda ya jefa. Hedimasta ya sunkuya ya ɗauki haƙori ɗaya ya duba, ya ce, "Malam, waɗannan kuma daga wace miya aka tsamo su?" Ya ajiye, ya ce mu haɗu ranar Litinin a aji ɗaya.

Abin da ke cina har gobe shi ne ni ke da gaskiya. Tekun ta yi, haƙoran na gaske ne, ko yau aka jiƙa su shekara ba za su narke ba. Amma a garin nan ba wanda ya ƙara sauraron zancen. Shekara uku na yi a aji ɗaya, sunana ya koma Malam Karfasa, 'yan aji huɗun da suka yarda da ni kuwa iyayensu suka riƙa yi musu dariya a gida. Wannan ne ya fi yi mini zafi, don su ba su sayi komai ba.

Maginin nan na yafe masa rabi, don dai ya iya aikinsa, kuma ni na nuna masa hoton. Saje ban yafe masa ba, ko da yake ban san laifinsa ba. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba: in gaskiyarka ƙarama ce, ka kai ta a yadda take. Ni na ga tawa ta yi mini kaɗan na sayo mata ƙari, aka haɗa su duka aka zubar.