Mangwaron Da Ya Tare Wa Manya Rana

Yau da safe na isa wurin sana'ata, na jingina da bishiyar mangwaron da muke aiki a ƙarƙashinta, ina jiran mai tsautsayin farko. Sai Baba Wanzam, dattijon da ke aski a gefena, ya ajiye almakashi ya ce, "Ɗana, juyo in gani. Wa ya yanka ka?" Na tuɓe riga na duba. Jan fenti ne, ɗanye sharkaf. Ashe alamar sarewa aka shafa wa bishiyar, ni kuma na kwashe rabi da bayana. Rigar da nake fita kunya da ita ke nan.

Ni mai faci ne. Tun ina aji biyu na sakandare muka raba gari da boko, ba faɗa ba zagi. Na yi yaron mota, na yi dako, na sayar da cajar waya a kan titi, babu inda na daɗe. Mahaifiyata har cewa take kujera ma tsorona take ji. A gindin mangwaron nan ne kaɗai na zauna, domin mai babur in tayarsa ta sace, inda akwai inuwa yake turowa. Ya zauna a benci, Iya mai lemo ta yanka masa ɗaya, Baba Wanzam ya rage masa suma, ni kuma ina tsoma tub a baho ina neman inda yake tsiyaya. Ka sare bishiyar nan, ka kore mu uku ke nan ba tare da ka ɗaga murya ba.

Laifinta kuwa? Makon jiya aka zo aka kafa turken fitila mai aiki da hasken rana a gindinta daidai, farantin solar ya shige cikin ganye kamar mai ɓuyan bashi. Tun da aka kafa shi bai ga rana ba, fitilar ma ko tari ba ta yi ba.

Kada ku ce manya ba su yi nazari ba, alhakinsu zai kama ku. Mai Girma Uban Tsare-tsare da tawagarsa sai da suka zaga duniya kaf don koyon yadda ake shigar da rana cikin tsarin birni. Mun ji a rediyo. Sun je ƙasashen sanyi, inda rana ke leƙowa kamar baƙuwa mai kunya, suka ga an shimfiɗa faranti a kan rufin makarantu da asibitoci. Sun je ƙasashen hamada, suka ga an yi wa wuraren ajiye motoci rumfa da shi, ƙasa inuwa, sama wuta. Sun je biranen da ko tashar mota da kanta take kunna fitilarta. Ni dai abin da ya burge ni shi ne juriyarsu. Mutum ya bar garin da rana ke narkar da kwalta, ya sa rigar sanyi ya tafi ganin rana a wani wuri. Wannan ai sadaukarwa ce. Allah ya saka da alawus.

Da hantsi sai ga wani jami'i da hular kwano fara tas, takalminsa ko ƙura bai sani ba, yana tafe da mai injin zarto. Kafin ya ce uffan sai da ya shigo inuwa ya share gumi.

Baba Wanzam ya ce, "Yallaɓai, sannu da rana. Ga fili can fetal, ko akuya ba ta tsayawa saboda zafi. Me zai hana a matsar da turken can?"

"Baba, ba za ka gane ba. Turken nan yana cikin taswira."

"Bishiyar fa?"

"Ba ta ciki."

Iya mai lemo ta ce, "Ikon Allah! Ni da na yi goyon 'ya'yana a gindinta, ashe duk a rana nake zaune ban sani ba."

Jami'in ya yi mana bayani a tsanake, irin wanda ake yi wa marasa lafiya. Matsar da turke sai kwamiti ya zauna, ya kafa ƙaramin kwamiti, shi kuma ya je ya ga yadda ake matsar da turke a ƙasashen da suka ci gaba. Sare bishiya kuwa zarto kawai yake bukata.

Na ce, "Yallaɓai, to mu ina za mu koma?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ma ba ka cikin taswira."

Wallahi dariya na yi, amma ta yaƙe ce. Fuskar mahaifiyata kawai nake gani, in na shiga gida da famfo da baho a ka na ce mata wannan ma ta ƙare. Mai zarto ya ja igiyar injinsa, ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. Iya ta fara tattara lemonta a zani tana ambaton Allah.

Ana cikin haka wayar jami'in ta yi ƙara. Ya cire hula, ya rusuna wa wayar. "Ranka ya daɗe... E, ranka ya daɗe... Akwai inuwa sosai, ranka ya daɗe." Ya ɗaga wa mai zarto hannu.

Ashe Mai Girma da kansa zai zo ƙaddamar da fitilun layinmu, da tsakar rana, don hoto ya fito. Kuma kaf layin babu inda za a ajiye kujerarsa da motarsa sai gindin mangwaronmu. Saboda haka an ɗaga wa bishiyar ƙafa har sai an yi bikin. Washegari a sare.

Baba Wanzam ya ce, "To fitilar da ba ta kamawa, me zai ƙaddamar?"

"An tanadi janareta."

Kun ji aiki da hankali. Fitilar rana, da rana tsaka, da man fetur. Ƙasashen sanyin nan su zo su ma su koya.

Na tambaya yaushe ne bikin. Ya ce, "Nan ba da jimawa ba."

Jama'a, ban taɓa jin kalmomi masu daɗin waɗannan ba. Iya ta kwance ƙullin lemonta ta mayar da shi kan tire. Mun san "nan ba da jimawa ba". Ita aka faɗa mana a kan magudanar ruwan layinmu ina rarrafe, ga shi yau ina aske gemu. Na sha zagin nawar manya a layin mai, na sha zaginta a layin asibiti. Yau ita ce katangar da ke tsakanina da zaman banza. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Mu daɗewar muke roƙo.

Don haka ina da ƙaramin roƙo ga 'yan jarida da masu son ci gaba. In kun haɗu da Mai Girma, ku tambaye shi lafiyar iyali, ku yaba masa tafiye-tafiye, ku gaya masa akwai wata ƙasar da bai ga ranarta ba tukuna. Amma don girman Allah kada wanda ya tuna masa da layinmu. In kuma tayarka ta sace, turo ta nan, inuwa tana nan har sai an cika alkawari.