A Taya Mu Da Taya

Jama'a, yau da safe na ga abin da ya fi ƙarfin birona. Motar asibitin unguwarmu, wadda ke kai mahaifiyata wankin ƙoda sau biyu a mako, ta yi rawa da mu a kan hawan nan na bayan kasuwa. Sanyin bana kun san shi, ruwan da ya kwana a kan kwalta ya daskare, titi ya koma kamar an shafe shi da sabulu. Direbanmu, wanda muke kira Sannu-Sannu saboda ko mai keke yana iya wuce shi, ya taka mai, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ya taka birki, sai ta sulale da baya a hankali, ta je ta cusa ƙafa ɗaya cikin kwata. Inna tana kwance a gadon baya da robar numfashi a hanci, ni ina riƙe da hannunta ina ta salati. Da muka tsaya cak, sai ta buɗe ido ta ce, "Har mun iso?"

Ina fa, Inna! Na kira babban asibiti, wanda yake can ƙolin tudu. Ma'aikaciyar jinya ta ce layin safe ya wuce mu, amma idan muka iso kafin ƙarfe huɗu akwai na'ura guda da za ta sauka. In ba haka ba, sai Alhamis. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar mai ciwon ƙoda ta kumbura, numfashi yana fita da ƙyar, ya san kwana uku ba abin wasa ba ne. Tasi kuwa ba za ta yi mana ba, domin Inna ba ta iya zama, ga kuma tukunyar iskar da ba a raba ta da ita.

Mai facin bakin kasuwa ne ya tara mutane aka ciro mu. Da ya gama haki sai ya ja ni gefe.

"Malam Mai Biro, zo ka gani da idonka, tunda kai ne mai rubutu."

Ya zaro tsinken ashana. Ya ce taya mai lafiya, in ka cusa tsinken a cikin zanenta, kan ashanar sai ya nutse ya ɓace. Ya nemi inda zai cusa a tayar motarmu, bai samu ba. Sumul take, kamar kaina bayan aski. Ya nuna min gefenta duk ya tsattsage, ya nuna min wasu lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta.

"Wannan tayar ta girmi 'yata ta aji huɗu," in ji shi. "Duk mako nake auna mata iska da sassafe, kafin mota ta motsa, don sanyi yana rage iskar taya ba tare da ta huje ba. Amma Malam, iska ba ta tsirar da zane. Ina takardar da ka rubuta mana?"

To, nan ne fa ciwon yake. Wata uku ke nan 'yan unguwa suka ce tunda ni ne mai surutu a jarida, in rubuta koke zuwa ofishin Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada. Na zauna na zuba Hausa, na sa wa takarda kai da manyan baƙaƙe: ROƘON A TAYA MU DA TAYA. Wallahi har na yi wa kaina murmushi, na ce yau na burge.

Ashe kaina na kashe. Maƙwabcina masinja ne a ofishin, shi ya ba ni labarin tafiyar takardar. Akawun farko ya duba ya ce, "Kai, waɗannan mutane ba su iya rubutu ba, sun maimaita kalma." Ya ja layi a kan "da taya". Saura "Roƙon a taya mu". Cikin takardar kuwa ba wanda ya karanta, don a wannan ofishi karanta abin da ya wuce layin farko rashin sanin girman kai ne. Akawu na biyu ya rubuta a ƙasa: "A taya su me? Murna ko jimami?" Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna sau shida, ya sha shayi sau shida, ya gano cewa motar ta cika shekara goma tana aiki. Saboda haka murna ce.

Kun san ranar da aka sa don taya mu murnar? Yau ɗin nan!

Muna isa harabar ƙaramin asibitin unguwa, wata motar itace tana jan tamu da igiya, sai ga rumfuna, ga lasifika, ga masu fenti. Aka shigar da Inna ɗaki. Motar kuwa aka wanke mata laka, aka goge tayoyinta da baƙin mai har suna ƙyalli, aka ɗaura mata jan ƙyalle a goshi, aka ɓoye ta a bayan wani ƙaton labule mai hoton Mai Girma. Na je wurin Ranka-Ya-Daɗe Mai Tsara Zama na ce akwai marar lafiya, lokaci yana ƙurewa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ba a taɓa motar nan sai an ƙaddamar da ita." Motar da ta shekara goma tana tari!

Ƙarfe biyu tawagar Mai Girma ta iso. Ban da motocin manya, har da bas huɗu cike da masu tafi, kuma bas ɗin nan irin motarmu ce sak. Mai Girma ya kama lasifika. Dole in yaba masa, mutumin nan yana da numfashi, ya fara jawabi tun daga tarihin ƙirƙiro ƙafar mota.

Ni dai na koma bayan labule na zauna a kan dutse. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni, kuma na tsani birona. Nan wani dattijo cikin direbobin bas ya zagayo shan iska, ya ga Sannu-Sannu ya haɗa kai da gwiwa. Ya shafa tayar motar, baƙin mai ya biyo hannunsa, ya dubi abin da ke ƙasa.

"Subhanallahi! Ɗan'uwa, da wannan kake hawa tudu a sanyin nan?"

"Da ita, Baba. Da tsohuwar wannan bawan Allah a ciki."

Dattijon bai ƙara tambaya ba. Ya tafi ya yi wa sauran direbobi ukun raɗa. Ashe kowace bas tana goye da tayar safaya sabuwa dal, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Na ce, "Baba, kada ku jawo wa kanku magana." Ya ce, "Ɗana, duk kayan gida ɗaya ne, musanya muka yi. In mun yi faci a hanya, masu tafi su taka da ƙafa, ai lafiyarsu ƙalau."

Aka kirawo mai facin bakin kasuwa, ya zo ya sa jak. Duk lokacin da noti zai yi ƙara sai ya jira a ɓarke da tafi, sannan ya danna sifana. Ban taɓa sanin masu tafi suna da amfani ba sai yau. Ya auna iskar kowace taya, ya tsugunna ya sake aunawa, ya ce, "Sannu-Sannu, ko da sabuwar taya, ban da taka birki da ƙarfi a kan santsi." Muka fito da Inna ta ƙofar baya. Ƙarfe uku da kwata muka sulale, jan ƙyallen yana kaɗawa a goshinmu.

Mota ta kama hawan nan ta haye kamar ba ita ba. Ƙarfe huɗu saura minti goma aka jona Inna a na'ura. Na fito baranda na jingina da bango, na yi kukan da rabona da shi tun ina ɗan makaranta.

An ce da Mai Girma ya ɗauki almakashi aka yaye labule, jak kawai aka tarar da tsinken ashana. Amma kada ku ji masa tausayi. Muna hanyar dawowa na ji sanarwa a rediyon mota, wai saboda tsabar ingancin jagorancinsa, motar asibitin ta fara aiki tun kafin ya gama ƙaddamar da ita. Inna ta ɗaga robar hancinta ta ce, "Allah ya yi masa albarka. Ka ce masa ranar Alhamis ma ya zo ya yi jawabi."